Tsara ayyuka a Todoist: tuta ta ɗauki muhimmanci, lakabi ya ɗauki wahala

Abin da ke rikita jerin ayyuka shi ne cakuɗa tambayoyi biyu: yaya muhimmancin aikin yake, kuma wane lokaci da ƙarfi zai ci? Kowace a ba ta gurbinta.

Todoist, manhajar tsara ayyuka, na da matakan fifiko 4. Idan kana rubuta aiki ka ƙara p1, tutarsa za ta zama ja; p2 ruwan lemo, p3 shuɗiya, p4 kuwa ba ta da launi, kuma a kanta kowane aiki ke sauka in ba ka zaɓa masa ba. Kafin ka ba aiki ja, ka tambayi kanka me za ka rasa in mako ya ƙare ba a yi shi ba. In kuɗi ne, ko alkawari, ko mutunci, ya cancanta. Telan da ke riƙe da kayan amaryar da za a ɗaura wa aure ranar Juma'a, wannan ɗinkin p1 ne. Sake jera zare a kantar shago p4 ne. Kada jajaye su wuce 3 a rana. Da sun kai 10, launin ya daina gaya maka komai.

Wahala kuma a auna ta da lokaci, don "mai sauƙi" da "mai wuya" ba su da ma'auni. Lakabi, wato alamar da ake liƙa wa aiki, guda 3 sun isa: minti15, awa1, yini. Wanda aikinsa ke jiran lantarki zai iya ƙara na huɗu, wuta, domin da an kawo ta ya san abin da zai fara kamawa. Buɗe lakabin minti15, ka sa a jera ayyukan bisa fifiko, jajayen za su hau sama. Su ake fara kawarwa da safe: kiran mai kaya a tabbatar da awo, tura kuɗin shadda.

Inda ake faɗuwa shi ne ja mai lakabin yini. Mutum ya share ƙananan ayyuka 12, ransa ya yi fari, babban yana nan kwance har ranar ta ƙure. Dalili kuwa, "kammala kayan amarya" ba abu ne da hannu zai kama ba. Farfasa shi zuwa ƙananan ayyuka a ƙarƙashinsa: yanka, haɗawa, kai wa mai aikin wuyan riga, guga. Kowanne kada ya wuce awa 1, kuma na farkon a ba shi lokacin da ba ka gaji ba. In kiyasinka yakan gaza, wanda haka ya fi yawa, ka ɗaga aikin zuwa lakabi na gaba.

Ƙananan p3 na lokacin jira ne, a layin banki ko cikin mota. Aikin p4 da zai ci yini kuwa, a miƙa wa yaron shago ko a goge shi.

Kwanan wata a sa shi ga abin da ke da wa'adi na gaskiya kaɗai. Masu liƙa "yau" a kan komai sukan wayi gari da tulin ayyukan da suka makara, har su daina buɗe manhajar.

In Microsoft To Do kake amfani da shi, wata manhajar tsara ayyukan, tauraro ɗaya gare shi maimakon tutoci. Ba p1 tauraron, ka rubuta #minti15 a cikin sunan aikin. In ka taɓa alamar, duk masu ɗauke da ita za su fito. Shafinsa na My Day, wato jerin ayyukan yau, yakan koma fanko kowane dare, don haka sai ka sake zaɓar na ranar da safe.