Kafin ka tafi Shenzhen sarin kayan waya, fara shirya wayarka

Zuwana Guangzhou na farko, aljihuna cike da takardun yuan, na tsaya sayen ruwa. Mai shago ya yi ta lalube, canji ya gagara. A Sin yanzu waya ce jakar kuɗi, har wajen mai tallan lemo. Ga abin da nake gaya wa duk yaron da zai fara tafiya daga nan Farm Centre, kasuwar waya ta Kano.

Tun kana Kano ka sauke Alipay da WeChat, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a can, ka yi rajista da fasfo, ka haɗa katin Visa ko Mastercard. A 2023 aka sauƙaƙa wa baƙi wannan. Na dala ya fi, na naira yakan ƙi. Kada ka ce sai ka sauka, can Google da WhatsApp da Facebook duk a toshe suke. Sayayya ta haura yuan 200, ana cire maka kashi 3 cikin 100, don haka wannan na abinci da tasi ne. Kuɗin sari ta banki ake turawa.

Tikitin jirgin ƙasa a manhajar 12306 ake yanka, fasfonka kuma shi za ka nuna a ƙofa. Daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa Shenzhen ta Arewa kusan rabin awa ne. Jirgin na gwamnati ne, haka manyan bankuna, ciniki kuwa an sakar wa 'yan kasuwa. Deng Xiaoping, jagoran Sin na lokacin, ya soma wannan gyara a 1978, a 1980 aka ware Shenzhen, maƙwabciyar Hong Kong, a matsayin yankin tattalin arziki na musamman. Manoma da masunta ne a wurin lokacin. Ka leƙa ta taga yau, ni dai har yanzu baki nake riƙewa.

A Huaqiangbei, kasuwar kayan waya ta Shenzhen, kada ka sayi komai ranar farko. Zagaya, hawa-hawa. Gilashin waya ɗaya yana da aji-aji, a ido duk ɗaya suke, sai an ɗora a waya ake gane na ƙwarai. Karɓi samfur, gwada a gaban mai shago, ka sa lambarsa a WeChat ɗinka, manhajar tana fassara saƙo. Farashi da aji da adadi, duk ya rubuto a can, kada ka yarda da na baki.

In ba a otal ka sauka ba, je ofishin 'yan sanda ka yi rajista cikin awa 24.