Yadda za ka bibiyi tarihin ɗan baya kafin ka shiga musu, misali da Ibañez na Ahli

Jiya bayan isha'i a wajen mai shayinmu na unguwar Karantina a nan Jidda aka kusa kifar da tebur saboda Roger Ibañez, ɗan bayan kulob ɗin Ahli ta Saudiyya. Wani yaro mai goyon bayan Ittihad, abokiyar hamayyar Ahli, ya zaro jawwal, wato wayar hannu, ya nuna mana bidiyo na sakan ashirin, wai ga mutumin da 'yan Ahli ke kurantawa, ga shi yana miƙa wa Lazio ƙwallo kamar sadaka. Kawunmu da ke gefe ya ajiye kofi ya ce masa, kai yaro, sakan ashirin ne za ka auna shekara bakwai da shi? To wannan maganar ta Kawu ce ta sa na ce bari in rubuta yadda ni nake bin tarihin ɗan baya, domin ɗan gaba kowa ya iya ƙirga masa ƙwallaye, shi kuwa na baya aikinsa sai ka tona.

Abu na farko, kar ka tsaya a sunayen kulob. Buɗe Transfermarkt ko Sofascore, shafukan intanet na ƙididdigar 'yan ƙwallo, ka rubuta kulob ɗin a jere da shekarunsu, sannan a gaban kowanne ka duba wasa nawa ya buga. Shi Ibañez an haife shi 1998 a Canela, can kudancin Birazil, ya fito fili a Fluminense ta Rio, sai Atalanta ta Italiya ta saye shi a Janairun 2019. In ka ga Atalanta a takarda sai ka ce kai, ai ya yi zamanin koci Gasperini lokacin da suke ɗura wa mutane ƙwallaye, amma da ka duba sai ka tarar wasa ɗaya tak ya buga musu a Serie A a shekara guda cur, sauran duk a benci yake ɗumama kujera. Saboda haka Atalanta zango ce kawai ya yada, kar ka saka ta cikin hujjarka, ko kana yabo ko kana suka.

Daga nan sai ka nemi inda koci ya yarda da shi, nan ne asalin labarin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Roma ta ɗauke shi aro a Janairun 2020 lokacin Paulo Fonseca, daga baya ta saye shi gaba ɗaya, Mourinho ya zo 2021 ya same shi kuma bai ajiye shi ba. Ka lura da wannan sosai, koci biyu masu salo daban duk suna sa shi, kuma Mourinho mutum ne da in ɗan baya bai yi masa ba ba ya jin kunyar zaunar da shi. Sannan ka tambayi kanka a wane tsari yake wasa. A Roma mutum uku ne a baya, Mancini dama, Smalling tsakiya, shi a hagu, wato yana da izinin fita ya tare ɗan gaba tun daga nesa saboda akwai mai rufa masa baya, ga gudu ga tsalle. Wannan fitar ita ce ƙarfinsa kuma ita ce ke jefa shi cikin rigima, in ya ci nasara ka ga zaki, in aka yanke shi kuwa fili ya buɗe wayam.

Yanzu sai ka ɗora alheri da sharri a sikeli ɗaya, ba ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi ba. A Mayun 2022 Roma ta ci Feyenoord 1-0 a Tirana ta ɗauki kofin Conference League, shi yana cikin masu tsaron bayan da suka hana a farke. A ɗaya hannun kuma dabi da Lazio, wadda suke gari ɗaya da Roma, ta zame masa ƙarfen ƙafa, Nuwamban 2022 ya yi sake da ƙwallo a cikin gidansu Felipe Anderson ya ci, shi ne bidiyon da yaron nan yake yawo da shi, sai kuma Maris 2023 ya karɓi yalo biyu tun kafin hutun rabin lokaci aka kore shi, Lazio ta sake cin 1-0. Wasan ƙarshe na Europa a Budapest ma da aka je fenareti da Sevilla ya ɓarar da tasa. Golan Sevilla a daren kuwa Bono ne, wanda yanzu yake Hilal, duniya kenan, sun sake haɗuwa a nan Saudiyya. Duk wannan gaskiya ne, in ɗan Ittihad ya kawo maka kar ka musa, ka ce haka ne, sannan ka tambaye shi kuskure uku cikin wasa sama da ɗari nawa ne lissafinsa.

Sai batun canjin sheƙa, ka duba yaushe ya tafi kuma me ya tarar. Ya zo Ahli a Agustan 2023 yana ɗan shekara 24, ba tsohon da ya zo cin fansho ba, kuma Ahli lokacin ta dawo ne daga rukuni na biyu bayan faɗuwar 2022 wadda 'yan Ittihad har gobe ba sa bari a manta. An haɗa shi da Demiral, wanda shi ma daga Atalanta ya zo, Mendy a raga, Jaissle koci, aka koma mutum huɗu a baya. Ranar 3 ga Mayu 2025 suka ci Kawasaki ta Japan 2-0 a nan Jidda suka ɗauki kofin zakarun Asiya, na farko a tarihin kulob ɗin. Agustan 2025 a Hong Kong kuma, Nasr na gaba 2-1 wasa ya kusa tashi, shi ne ya farke da ka a minti na 89, aka je fenareti Ahli ta ɗauke Super Cup a gaban Ronaldo.

Na ƙarshe shi ne wanda waya ba za ta ba ka ba. Tunda muna Jidda, ka yanki tikiti ka je Jauhara, wato babban filin wasa na Sarki Abdullah, ka nemi kujerar sama ba ta ƙasa kusa da fili ba, daga sama ne ake ganin layin baya gaba ɗaya. Ka ba kanka minti goma sha biyar ka ƙi kallon ƙwallo, wallahi da wuya amma ka daure, ka zuba masa ido shi kaɗai. Duba in Ahli na kai hari ina yake tsayawa, yana waiwayen ɗan gaban da aka bar masa ko ya shagala da kallo, in fulbak ɗinsa ya haura gaba yana matsawa ya toshe gurbin ko a'a, da yadda yake ɗaga hannu yana jan layi don kama satar gida. In an samu kwana kuma ka bi shi da ido har cikin gidan abokan hamayya. Ka riƙa rubutawa a jawwal sau nawa ya fita tara ya ci, sau nawa aka wuce shi, ka yi haka wasa uku aƙalla kuma ɗaya ya zama da babban kulob irin Hilal ko Ittihad. Ranar dabi ka fita da wuri tun la'asar, hanyar filin cunkushewa take yi.