Babi na 7: Zinariyar gado, yadda za a san darajarta

Darasi na 1: Lambar da ke jikin kaya

Iyayena da ƴan uwana, sannunku da ƙoƙari. A ajinmu na yamma a unguwar Bukoki, wata uwa ta kunto bakin zanenta ta nuna mana awarwaron da mahaifiyarta ta bari. Shekara da shekaru yana hannunta, ba ta san ko nawa zai yi ba, tana kuma tsoron tambaya kada a cuce ta. Ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa muka yi wannan babi.

Ku ɗauko kayan ku fita haske. Ku juya shi. A cikin zobe, ko kusa da maƙullin sarƙa, akan buga lamba ƴar mitsitsiya. In ido bai gani ba, a kira jika ya duba, ba abin kunya ba ne.

750, ko 18K: kara 18 ke nan. Cikin kashi huɗu, uku zinariya ne, ɗaya wani ƙarfe.
875: kara 21.
916: kara 22.
585: kara 14.

Tsantsar zinariya kara 24 ce, amma tana da taushi, shi ya sa maƙera ke haɗa ta da jan ƙarfe ko azurfa. Kayan da aka ƙera a Faransa kuwa, kan gaggafa ake bugawa a jikin kara 18. In babu lamba, kada hankali ya tashi. Aikin maƙeranmu na da yawanci ba shi da ita.

Darasi na 2: Awo

Nan ne kuke faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Ana auna zinariya da garam. Alamarsa g. Maƙeri zai ɗora kayan bisa sikeli, lamba ta fito a gilashi. A tsakiyar lambar akwai ɗigo ƙarami, a takarda kuma waƙafi ake sawa. Ku duba:

12,4 g
124 g

Ba ɗaya ba ne. Na farko garam 12 ne da ɗan ƙari. Na biyu ya ninka shi sau goma. Sa yatsa bisa waƙafin. Abin da ke gabansa ta hagu, shi ne garam cikakku. Abin da ke bayansa ta dama, guntu ne. Sake sa yatsa. Hagu cikakku, dama guntu. Madalla, haka ake yi.

Yanzu wannan: 3,5 g. Garam nawa? Uku da rabi. Wanda ya ce talatin da biyar ya koma sama, ya sa yatsa, ya sake. Ba komai, kowa haka ya fara.

Kafin a ɗora kaya, sikeli ya nuna sifili: 0,0. Ku gani da idonku. In akwai duwatsu ko zare a jikin sarƙa, ba a lissafa su cikin zinariya. Sannan ku fito da bik da kaye ku rubuta lambar, da waƙafinta, tun kayan yana bisa sikeli.

Sau nawa zan faɗa? Makon jiya mutum huɗu suka kawo mini kaye babu waƙafi ko ɗaya. Kuna cewa za ku riƙe a ka. Ba za ku riƙe ba! Daga kasuwar Wadata zuwa gida kun manta. Dukiyar da uwa ta tara a tsawon rayuwarta ce fa, ba gyaɗar dala biyar ba. A nemi waƙafi, a sa yatsa, a rubuta.

Darasi na 3: Gwaji

Mayen ƙarfe ba ya kama zinariya. In ya kama, akwai matsala. Amma farin ƙarfe ma ba ya kamawa, saboda haka wannan bai isa ba. Maƙeri zai goga kayan bisa baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen. In zanen ya tsaya, ya kai karan da ake gwadawa. Ku tsaya a wurin. Kada ku yarda a yanka ko a narka.

Darasi na 4: Lissafi

Farashi yana bin kasuwar duniya, kullum yana sauyawa, sai a tambayi na ranar. Misali kawai: a ce garam na tsantsa 50.000 F ne, wato jika hamsin. Awarwaro garam 12, kara 18. Kashi uku cikin huɗu na 12 shi ne 9. To, 9 sau jika hamsin, jika 450. Mai saye zai taya ƙasa da haka, kuɗin ƙira ba ya dawowa. A je shago uku, a rubuta awon kowanne da waƙafinsa.

Darasi na 5: Magada

In ba a raba gado ba, kayan na dukan magada ne. A je da shaida. Nisabin zakka miskali 20 ne, kimanin garam 85. A tambayi malam.

Aikin gida: Karanta da ƙarfi, yatsa bisa waƙafi. 7,2 g. 72 g. 0,5 g.