Kaka a Ingila: Abin da Iyaye Sababbin Zuwa Za Su Tarar Daga Satumba Zuwa Nuwamba

Iyalai da yawa, musamman waɗanda karatu ya kawo, suna sauka a Ingila ne a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, saboda haka da kaka suke fara sanin ƙasar. Farkonta yana da daɗi har yakan ruɗi baƙo, domin a makon farko na Satumba rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan ƙarfe bakwai da rabi, itatuwa suna da ganyensu, kuma rigar sanyi marar nauyi ta wadatar. Daga nan yini yake fara zaizayewa kaɗan kaɗan har zuwa Lahadi ta ƙarshe a watan Oktoba, ranar da ake mayar da agogon ƙasar baya da awa guda. Daga wannan rana magariba tana yi kafin ƙarfe biyar, kuma kafin Nuwamba ya ƙare tana dawowa ƙasa da ƙarfe huɗu. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, inda lokacin magariba ba ya motsawa fiye da kusan awa guda a duk shekara, ya saba auna aikin gidansa da hasken rana, kuma wannan ma'auni ne yake fara kuɓuce masa. A ganina, iyayen da suka fahimci haka tun a Satumba, suka ɗora tsarin gidansu a kan agogo da kalandar makaranta, sun kauce wa mafi yawan wahalar shekarar farko.

Makarantar yara ita ce take juya gida a wannan lokaci. Yawancin makarantun firamare suna buɗe ƙofa kafin ƙarfe tara na safe, su tashi tsakanin uku da uku da rabi, kuma ba sa sakin ƙaramin yaro sai an ga babban da aka rubuta sunansa ya zo ɗaukarsa. Ke nan dole wani ya tsaya a bakin makaranta sau biyu a yini, ko da maigida yana aikin dare, uwargida kuma tana da darasi a jami'a. Makarantu da yawa suna karɓar yara tun da sassafe su ba su karin kumallo, wasu kuma suna riƙe su bayan an tashi har zuwa biyar ko shida, amma galibi ana biya kuma gurabe suna cika da wuri, don haka a tambaya tun a makon farko. Yaran ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu suna cin abincin rana kyauta a makarantun gwamnati, kuma kuna da damar tambaya ko naman halal ne, idan ba shi ba ne ku zaɓa wa yaro abincin da babu nama. Fashin makaranta ba abin wasa ba ne a nan: daga Agustan 2024 tarar ɗauke yaro ba da izini ba fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, ta koma fam 160 idan an jinkirta, kuma ana lissafa ta ne a kan kowane mahaifi da kowane yaro. Idan akwai bikin ɗan'uwa a gida da ba za a iya barinsa ba, a yi ƙoƙari ya dace da hutun tsakiyar zango, wanda mako guda ne a ƙarshen Oktoba. Wanda kuma yake da yaro a aji shida ya riƙe ranar 31 ga Oktoba, domin ita ce ranar rufe neman gurbin sakandare ta hannun ƙaramar hukuma.

Abin da ya fi ciwo a watannin nan shi ne rashin wanda za a bar wa yara. Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai a gida ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa, kuma ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar kada a bar wanda bai kai shekara 12 ba na dogon lokaci. Al'adar barin 'yar shekara tara ta kula da ƙannenta, wadda a gida maƙwabta da kakanni suke rufa mata baya, tana iya jawo ma'aikatan walwalar yara ƙofar gidanku. Haka ma duka: an haramta shi gaba ɗaya a Sikotland tun 2020 da yankin Wales tun 2022, a Ingila ma idan malama ta ga tabo a jikin yaro wajibi ne a kanta ta kai rahoto. Mafita ita ce a nemi iyali ɗaya ko biyu da aka yarda da su, ko a masallaci ko a bakin makaranta, a riƙa karɓa-karɓa wajen ɗauko yara. Ba lallai ne su zama Hausawa ba, amma lallai ne a rubuta sunansu a ofishin makaranta.

Salla ma tana buƙatar shiri, domin a Nuwamba azahar tana shiga kafin ƙarfe sha biyu, la'asar wajen ƙarfe biyu, magariba kuma wajen ƙarfe huɗu, wato salloli uku suna faɗawa cikin lokacin aiki da karatu. Gara a yi magana da shugaban wurin aiki tun kafin a juya agogo, a bayyana masa cewa mintoci kaɗan ake bukata, maimakon a riƙa ɓuya a lungu. Makarantun sakandare da yawa suna ba ɗalibai ɗaki a lokacin hutun cin abinci idan iyaye suka nema a rubuce.

Game da sutura, ruwan sama ne matsalar kaka fiye da sanyi, yayyafi ne mai naci wanda makaranta ba ta hana yara fita wasa saboda shi. A saya wa kowane yaro rigar sanyi mai hular kai wadda ruwa ba ya ratsa ta, a rubuta sunansa a ciki, domin kayan yara talatin masu launi ɗaya ba sa rabuwa da ɓata. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da kaya masu kyau da araha, kuma babu wanda yake ɗaukar shigarsu abin kunya. A cikin gida, digiri 18 shi ne mafi ƙarancin ɗumin da hukumomin lafiya suke ba da shawara. Sabon zuwa yakan toshe kowace kafa don tsoron kuɗin gas, ya shanya wanki a kan hita, ya dafa tuwo taga a rufe, sai raɓa ta taru a gilashi, bango ya yi baƙar fumfuna, yara su kama tari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan fumfuna ce ta yi ajalin wani yaro ɗan shekara biyu a garin Rochdale a 2020, har aka yi sabuwar doka a kan masu ba da haya. A buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya, a kunna fankar kicin da ta banɗaki, kuma idan baƙin ya bayyana a ɗauki hoto a sanar da mai gidan a rubuce.

Hukumar lafiya ta NHS tana shawartar manya da yaran da suka haura shekara huɗu su riƙa shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata kuma a duk shekara, domin ranar ƙasar ba ta isar fatarmu. A cikin wannan zango ne kuma takardar rigakafin mura take zuwa daga makaranta. Wanda ake fesa wa yara a hanci yana ɗauke da sinadarin jelatin da aka samo daga alade, amma akwai na allura wanda babu shi a ciki, kuma ana ba da shi ga wanda ya nema. Bai kamata a jefar da takardar ba, a cike ta a zaɓi abin da zuciya ta natsu da shi.

A kicin kuwa, kaka tana yi wa Bahaushe alheri, domin lokacin kabewa ne. A Oktoba ana jibge ta a ƙofar kowane babban kanti, sai dai manyan da ake sayarwa don a sassaƙa a yi adon bikin Halloween ruwa ne ya yi musu yawa, ɗanɗanonsu lami. Ƙananan masu nauyi da doguwar nan mai siffar gora su suka fi dacewa da miyar taushe. Gajeriyar shinkafar da Turawa suke dafawa da madara tana yin tuwo mai kyau. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ana samunsu a shagunan 'yan Afirka, irin waɗanda suka cika unguwar Peckham a Landan, naman halal kuma a wurin mahautan Pakistan da Bangaladesh da Somaliya. Iyayen da suke aiki su biyu ba za su iya girki sau uku a yini ba, kuma babu laifi a cikin haka: a dafa miya kala biyu ko uku ranar Lahadi, a rarraba a robobi a sa a firiza. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne gyaɗa. Makarantu da yawa sun hana shiga da ita saboda yaran da take iya halakawa, don haka ƙuli-ƙuli da duk abin da aka barbaɗa wa yajin tsire su tsaya a gida.

Sai bukukuwan ƙasar, waɗanda suke zuwa a jere, kuma yaro yakan ji labarinsu a aji kafin iyayensa. Na farko shi ne bikin girbi a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, inda makaranta take neman kowane yaro ya kawo abincin gwangwani ko taliya a kai wa mabukata. Wani lokaci ana yin taron a coci, kuma doka ta ba iyaye damar janye yaro daga ibadar makaranta, amma kai sadakar abinci ba abin da Musulmi ko Kirista zai ƙi ba ne. Halloween, a daren 31 ga Oktoba, ita ce take raba kan iyaye. Yara suna shigar dodanni suna bin gidaje ana ba su alewa, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce gidan da ya ajiye kabewa mai fitila ko ya yi ado shi ake ƙwanƙwasawa, wanda ya kashe fitilar ƙofa galibi a wuce shi. Iyalai da yawa na Musulmi da na Kirista ba sa shiga, kuma babu mai tilasta musu. Kuskuren da nake gani shi ne a bari sai daren ya zo, yaro yana leƙen taga yana kuka, sannan a daka masa tsawa a ce haramun ne. A zaunar da shi tun mako guda kafin nan, a gaya masa matsayin gidansu da dalili, a tanadi abin da za a yi a wannan dare, ko ziyarar wani gida ko suyar nama. Alewar da ya kawo daga makaranta kuma a duba takardarta, domin masu taushin nan da yawa da jelatin ake yin su.

Kwana biyar bayan haka, a 5 ga Nuwamba, gari yana ɗaukar ƙarar fashe-fashe, kuma wanda ya fito daga inda aka sha jin harbi zai iya firgita idan ba a gaya masa ba. Tunawa ake yi da shekarar 1605, lokacin da aka kama Guy Fawkes da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki, inda shi da abokansa suka shirya halaka Sarki James na Ɗaya. Ana kunna babbar wuta ana harba tartsatsi sama, doka ta yarda a yi har sha biyun dare a wannan rana, kuma a zahiri ƙarar tana farawa kwanaki kafin nan, ga kuma bikin Diwali na Indiyawa da yake faɗowa a tsakanin Oktoba da Nuwamba. Kai yara kallon wanda ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ta shirya a fili ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan saye a harba a bayan gida.

Yaron da yake ganin kowa yana da abin yi a kaka zai tambayi nasu, kuma dogon dare ya ba da dama. Tun asali da dare ake tatsuniya, ga shi nan isha'i tana wucewa tun kafin ƙarfe bakwai, saura lokaci mai yawa kafin barci. Dare ɗaya a mako da aka kashe talabijin aka ce "ga ta nan, ga ta nanku", aka kawo Gizo da Ƙoƙi, yana riƙe wa yaro Hausarsa fiye da faɗan da ake yi masa don ya amsa da Turanci. Ƙosai da kunun gyaɗa a safiyar Asabar, fita lambun unguwa a tattaka busassun ganye ko da ana yayyafi, gaishe da kakanni ta bidiyo ranar Juma'a ko Lahadi, duk ƙananan abubuwa ne da maimaitawa take mayar da su al'adar gida. A tuna cewa daga ƙarshen Oktoba agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da na Ingila da awa guda. A lambun kuma a ja kunnen yara kada su ci 'ya'yan itacen nan masu sheƙi ruwan ƙasa da abokansu suke tsinta don wasa, ko naman kaza da ya tsiro a gindin bishiya, domin akwai masu guba.

Ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe sha ɗaya na safe ana yin shiru na minti biyu a makarantu da wuraren aiki, don tunawa da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 da duk waɗanda suka mutu a yaƙi, kuma za ku ga mutane da jan fure na takarda a ƙirji. Yaranmu suna da rabo a wannan rana, domin dubban sojojin Nijeriya, da Hausawa masu yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Burma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma idan akwai kaka ko kakan kaka da ya je, ya dace yaro ya san sunansa ya faɗa a aji. Bayan wannan rana makarantun firamare suke fara shirin wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, wanda ake yi a Disamba. Iyayen da suke da abin cewa game da rawar da za a ba ɗansu su ga malamar aji tun a tsakiyar Nuwamba, kafin a raba wa yara abin da za su haddace.