Darasi na 7: Launi Mai Naso a Jikin Tukunya

Wani zanen gefensa kaifi gare shi. Wani kuwa gefensa kan bazu a hankali, kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Wannan na biyun shi ne darasinmu.

Kayan aikin biyu ne: launin ƙarƙashi, wanda ake zane da shi bayan gashin farko, sai ruwan gilashi marar launi da ake rufe zanen da shi kafin gashi na biyu. Launin da ake sayarwa a kwalba an haɗa shi ne don ya zauna inda aka sa shi. Shi ya sa mai koyo kan buɗe tanderu ya tarar da layinsa nan daram, ko motsi bai yi ba. Naso ba ya samuwa sai gilashin ya narke sosai, ya narkar da launin, ya ja shi.

To, ku taimaki launin. Ku ɗebi ruwan gilashin kaɗan ku dama da shi kafin ku yi zane. Sannan a shafa gilashin sama da ɗan kauri, domin siririn shafi ba shi da ƙarfin jan komai.

Launuka kuma kowane da halinsa, gwargwadon ƙarfen da aka haɗa shi da shi, kamar kobal, tagulla ko kurom. Shuɗin kobal ya fi kowa yawo, ɗan ɗigo ya isa. In ya yi yawa sai ya koma baƙi-baƙi. Koren tagulla ma yana bazuwa da kyau. Koren kurom kuwa taurin kai gare shi, kada ku wahalar da kanku.

Idan gilashinku mai narkewa a digiri 1,220 na ma'aunin Celsius ne, in wuta ta kai nan a riƙe ta minti 10. A jikin kofi za ku ga shuɗin ya gangaro ƙasa yana dusashewa. A faranti kuwa zagaye zai yi. Ku bar gindin tukunya ba gilashi, ku sa faifan yumɓu a ƙarƙashi, kada ta manne da benen tanderu.

A sa takunkumi wajen dama garin gilashi ko na launi. Koren tagulla kuma a wajen tukunya kawai, ban da cikin abin da za a ci abinci.

Aiki: ku yi allunan yumɓu uku masu tsayuwa. Ku ja layi iri ɗaya a kowane, ku shafa wa na farko gilashi sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau uku. Ku rubuta lamba a baya kafin gashi.