Banɗakin bakin tafki a Shikago: abin da ya kamata sabon zuwa ya sani tun kafin fitsari ya matse shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da kuka sauka garin nan bana. Nasan an cika muku kunne da maganar takardu da haya da rigar sanyi, toh ni yau maganar banɗaki zan yi, kuma kada kowa ya yi dariya don wallahi na ga babban mutum mai gemu yana zufa a kan wannan maganar, ranar ba dariya ya yi ba.

Da zarar zafi ya shigo kowa bakin ruwa yake nufa. Tafkin Mishigan kenan, wanda in ka tsaya gabansa ba ka hango ɗaya gaɓar, ga hanyar ƙafa da keke da ta bi bakinsa tsawon mil 18, ga tashoshin ƙananan jiragen ruwa guda 10 a jere daga Montrose ta arewa, Belmont, Diversey, DuSable, Monroe, Burnham, ta titi na 31, ta titi na 59, har biyun da ke Jackson Park ta kudu. Su turawan marina suke cewa ko harbor. Mu mutanen Uptown da Edgewater da Rogers Park mun fi zuwa Montrose saboda kusa, ga fili ga wajen gasa nama ga masu kamun kifi. Duk waɗannan tashoshi mallakar hukumar lambunan gari ne, wato Chicago Park District, ita kuma ta ba wani kamfani kwangilar gudanar da su. Wannan rabon aikin shi ne tushen duk rikicin da zan faɗa.

Shekarar da kawuna ya zo ziyara na ɗauke shi mu sha iska a ɗaya daga cikin tashoshin nan, ba sai na kama suna ba. Dattijo ne mai ciwon suga, kuma mun sha shayi kafin mu fito. Muna cikin kallon jirage sai ya ja hannun rigata ya ce, yaro ina ake zagayawa a nan? Na ce Kawu ga gini can. Muka je, gini mai kyau, ga hoton namiji ga na mace a ƙofa, na murɗa, a kulle. Ashe akwai ɗan akwati mai lambobi a jikin ƙofar, sai ka danna lambar sirri take buɗewa. Na leƙa ofis na tambayi wani saurayi, ya ce ai wannan na masu jirgi ne, na jama'a yana can gaba wajen rairayi. Na ce masa tsoho ne, ba shi da lafiya, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba a ba shi izini ba. Tafiyar da ba ta wuce minti bakwai ba ranar ji na yi kamar daga Kano zuwa Zariya a ƙasa, Kawu yana tafe yana salati yana cewa wai ƙasar da ta je wata ce babu makewayi. Allah Ya rufa asiri muka isa. Amma daga ranar ban ƙara kai baƙo bakin ruwa ba sai na fara nuna masa inda banɗaki yake kafin in nuna masa ruwan.

To ga yadda abin yake. Filin kansa na kowa ne, babu mai hana ka tafiya bakin tashar, ka zauna, ka ɗauki hoto, ka shimfiɗa darduma a ciyawa. Tun 1836 aka rubuta a taswirar gari cewa filin bakin tafki na tsakiyar gari zai zauna a buɗe ba gini har abada, kuma wani attajiri Montgomery Ward ya shafe shekaru yana shari'a a kotu don kada a cinye shi, mutanen Shikago suna alfahari da wannan sosai. Amma gadojin katako da jiragen ke ɗaure a jikinsu akwai get mai makulli, haka banɗaki da wajen wanka na masu jirgi. Su suna biyan dubban daloli duk kaka daga watan Mayu zuwa ƙarshen Oktoba, kuma a cikin abin da suka saya har da wannan lambar sirrin.

In ka tambayi ra'ayina, ni abin bai gama kwanta min ba. Mai jirgi zai ce maka kuɗin hayarsa ne ke riƙe da tashar, har ma hukuma na samun rara daga ciki tana yi wa sauran lambuna aiki, kuma akwai gaskiya a ciki ban musa ba. Sai dai ƙasar ta jama'a ce, hukumar da ke da ita da harajin gidaje take rayuwa, kuma kai ɗan haya kada wani ya ce maka ba ka biyan wannan harajin, mai gidanka ya riga ya zuba shi a cikin kuɗin hayar da kake ba shi duk wata. Ga harajin sayayya sama da kashi 10 cikin ɗari da ake cirewa in ka sayi ko da takalmi ne. Tashar titi na 31 da aka buɗe a 2012 ta ci sama da dala miliyan 100. A ce a wuri irin wannan tsoho ya tsaya gaban ƙofa a kulle yana matse ƙafa, haba. Amma yaron da ke ofis ba shi ya kafa dokar ba, albashin awa yake karɓa, in ka tsaya kana masa wa'azin haraji fitsarin ne zai ci gaba da matsarka shi ko a jikinsa. Kuma dan Allah kada ka bi bayan wani mai jirgi ka faɗa ciki kafin ƙofa ta rufe, na ga masu yi, wani lokaci a share wani lokaci a kira masu tsaro, kai da kake jiran takardu ba ka buƙatar wannan.

Na jama'a kuma suna nan, galibi a ginin da ke bakin rairayin wanka ko ɗan ƙaramin gini a cikin lambu, kyauta ne, Shikago ma ita ce birni na farko a Amurka da ya hana banɗakin kuɗi tun 1973. Abin dariyar shi ne an hana na kuɗin amma ba a gina na kyautan da yawa ba. Matsalarsu biyu: lokaci da yanayi. Lambunan gari ƙarfe 11 na dare ake tashi, amma banɗakin sau da yawa tun kafin nan an sa masa kwaɗo, wanda ya zauna hira bayan magariba ya sani. Sannan in sanyi ya kama ana kashe ruwan gaba ɗaya saboda kada bututu ya daskare ya fashe, sai a rufe har bazara. Wato wanda ya sauka a Nuwamba ya ce bari in je in ga tafkin nan da ake faɗa, toh ya kama ruwa tun daga gida. Lokacin da za ka fi samun komai a buɗe shi ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, lokacin wankan rairayi.

Babban abin da nake roƙon mazanmu: kada ka tsuguna bayan bishiya. Nasan a gida ba komai ba ne, mutum ya samu gindin katanga ya juya baya kowa ya kau da kai. A nan laifi ne, ɗan sanda zai rubuta maka tikiti da tara, in kuma ka yi rashin sa'a akwai yara a kusa ko wata ta ɗauke ka a waya ta ce ka nuna tsiraici, maganar ta tashi daga fitsari ta koma wani abu mai muni da zai iya biyo ka har ranar intabiyun takardunka. Tsugunon ma da muke yi don sunna shi yake ƙara jawo ido, su ba su saba gani ba. Lokacin da nake tuƙin tasi na san direbobi da yawa da ke ajiye gora a mota, ban ce ka yi ba, amma ko wannan ya fi bishiya, in dai ba za ka jefar a titi ba.

Saura maganar tsarki. Babu buta, babu famfon tsarki, takarda ce kawai, wani lokacin ma ta ƙare. Ni kullum akwai ƙaramar gorar ruwa a jakata wadda ba ta sha ba ce, na ɗaura mata jan zare a wuya don kada yara su rikita. Ka cika ta a wajen wanke hannu kafin ka shiga, ka yi a hankali kada ka jiƙa ƙasa, don ƙofofin banɗakin Amurka ba sa kaiwa ƙasa, na kusa da kai yana ganin takalminka kuma ruwanka zai gangara wajensa. Wannan gibin na ƙofa yana ba sababbin zuwa kunya sosai, musamman iyayenmu mata, amma babu mai leƙe, za ki saba Hajiya. Takarda a cikin masai ake jefawa a kora, ba a kwando ba, amma tsumman goge jarirai da kunzugu kwando ake sa su ko da an rubuta ana iya korawa. Alwala kuma, ni shawarata ka ɗauro daga gida ka sa safa mai kauri in kana bin fatawar shafa, ko ka ɗebi ruwa ka fita ciyawa ka wanke ƙafarka hankali kwance. Ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu ba laifin doka ba ne amma kallon da za a yi maka sai ka rasa inda za ka sa kanka, ga santsi.

In za ka tambaya, restroom ake cewa ko bathroom. In ka ce toilet za a gane amma sai an ɗan yatsina fuska.

Wuraren da ni na dogara da su in bakin ruwa ya ƙi: laburaren gari, akwai rassa kusan 80 kuma babu mai tambayarka kati kafin ka shiga banɗaki, babban shi ne Harold Washington a titin State. Gidan zu na Lincoln Park shiga kyauta ne duk shekara kuma bai da nisa da tashar Diversey. A tsakiyar gari akwai Cultural Center daura da Millennium Park, akwai Navy Pier, akwai Union Station. Manyan lambuna suna da ginin wasanni da ake kira fieldhouse, shi ko da sanyi yana buɗe a lokutan aiki. Tashoshin jirgin ƙasa na CTA kuwa kada ka sa rai, kusan duk babu na fasinja, mutum zai iya tafiya daga Howard har titi na 95 bai ga ko ɗaya ba. Da can shagunan kofi na Starbucks ne rufin asirin kowa, tun 2018 suka ce kowa na iya shiga ko bai sayi komai ba, amma a Janairun 2025 suka janye, yanzu sai ka sayi wani abu. Kuɗin shayi dai ya fi biyan tarar ɗan sanda araha.

Mai ciwon hanji irin wanda ba ya jira, akwai dokar jihar Ilinoi ta 2005 da ta ce shagon da ke da banɗakin ma'aikata ya bar shi ya shiga, in akwai ma'aikata uku ko fiye a bakin aiki. Ka sa likitanka ya rubuta maka 'yar takarda ka ajiye a walat, ta fi dogon bayani da turancin da bai gama nuna ba.

In kuma ka je ka tarar da na jama'a a kulle da rana tsaka cikin Yuli, ko ya lalace ba ya shiguwa, ba sai ka haɗiye ba. Ka kira 311, lambar kai koke ga hukumar gari, ko ka shiga manhajarsu ka rubuta, ka faɗi wurin da ranar da ƙarfe nawa. Kowace unguwa tana da kansila da suke kira alderman, guda 50 ne a gari, ofishinsa na karɓar koke kuma ba a tambayar ko kai ɗan ƙasa ne. Manyan lambuna da yawa suna da kwamitin mazauna unguwa da ke zama lokaci lokaci, kowa na iya zuwa. Na taɓa zuwa sau ɗaya, mu goma sha wani abu ne a ɗakin, rabi masu karnuka rabi masu kallon tsuntsaye, ni kaɗai ne baƙar fata kuma ni kaɗai na tada maganar banɗaki. Wata tsohuwa mai sanda ta ce ita ma shekara nawa abin na damunta kunya ce ta hana ta faɗa, aka rubuta a takardar zama. Ban ce an gyara washegari ba, har yau ƙofar nan mai lambobi tana nan yadda take, amma bazarar da ta biyo baya na ga an kafa ɗan allo mai kibiya da ke nuna inda na jama'a yake.

Kawu kuwa har ya koma gida bai yarda ya ƙara shan shayi kafin fita ba, in na ce mu je bakin ruwa sai ya ce toh amma a ajiye mota kusa da ginin nan mai shuɗin ƙofa.