Yadda ake awon fitsari da tsinken gwaji a zafin Damagaram

Tsinken awon fitsari, wanda ma'aikatan lafiya a nan Zinder suka fi kira bandalet, aikin wata masaniyar sinadarai ce ƴar Amurka, Helen Murray Free, da mijinta Alfred Free, waɗanda suka fito da shi a kamfanin Miles a shekarar 1956 da sunan Clinistix. A da sai an haɗa fitsari da magani a kwalba an dafa, su kuwa suka shafa wa bakin takarda sinadarin da ke sauya launi idan ya haɗu da sukari, har ya zama ma'aikacin jinya a ƙaramar likitar karkara zai iya ganin sakamako cikin minti ɗaya. Sai dai sauƙin nan shi ke jawo sakaci, don haka ga yadda ya kamata a yi.

Ajiya ita ce babbar matsalarmu. Masu haɗa tsinken suna son a ajiye shi a wurin da zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan kan haura 40. A nemi kabad a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, amma kada a sa a firiji, domin laima na lalata shi. A bar ƴar jakar da ke tsotse laima a cikin gwangwanin, a ɗauki tsinke ɗaya a rufe murfin nan take. Duk tsinken da dabbarensa, wato ƙananan wuraren da aka shafa wa sinadari a jikinsa, suka dushe ko suka yi duhu tun ba a tsoma shi ba, a jefar da shi, ko da kwanan watansa bai ƙare ba.

A ba majinyaci mazubi mai tsabta, busasshe, wanda ba a wanke da ruwan jabel ba, a ce ya zubar da farkon fitsarin ya tari na tsakiya, kuma a auna kafin awa biyu. A tsoma tsinken na daƙiƙa ɗaya, a goga gefensa a bakin mazubin, a riƙe shi a kwance don kada launin wani dabbare ya malala cikin wani.

Daga nan sai a duba agogo. A kan tsinken Multistix, mai auna abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, ana karanta launin dabbaren sukari a daƙiƙa 30, furotin da jini a daƙiƙa 60, fararen ƙwayoyin jini kuwa sai minti biyu, kuma abin da ya fito bayan haka ba a rubuta shi. Ina ganin nan ne aka fi yin kuskure, musamman ranar awon ciki da layi ya yi tsawo.

Furotin a fitsarin mai ciki, idan ya haɗu da hawan jini, alama ce ta haɗarin jijjiga, a tura ta gaba ba jinkiri. Jini a fitsarin yaron da ke wanka a tabki yana sa a nemi ƙwan tsargiya da madubin likita. Sukari kuwa ba ya fitowa a fitsari sai na jini ya haura kusan giram 1,8 a lita, kuma yawan shan bitamin C na iya ɓoye shi, saboda haka mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare a auna masa jini ko da tsinken bai nuna komai ba.